Tsohon Injin Babur: Dukiya a Turai, Gwangwan a Ƙonni

Akwai wani nau'in tseren babur da ake kira sifidwe, wanda ba a san shi a ƙasar Hausa ba. Mahaya huɗu ne ke zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, a kan ƙasa mai tsakuwa, kowa a kan babur marar birki, mai giya ɗaya tak. Injinsa silinda ɗaya ne mai ƙarfin sisi 500, kuma ba fetur yake sha ba, metanol yake sha. Daga Ostareliya wasan ya shiga Ingila a 1928, aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley na Landan a 1936. Kusan shekara talatin injin JAP, na masana'antar J. A. Prestwich da ke Landan, shi ke riƙe da fagen, har Jawa na Chekoslobakiya ya ture shi a shekarun 1960. Weslake na Ingila, mai bawul huɗu, ya zo daga baya, kuma a kansa Peter Collins ya ci gasar duniya a 1976.

Duk waɗannan tsofaffin injuna an daina cin gasa da su tun tuni, amma ba a zubar da su ba. A Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai masu bin su ɗaya-ɗaya suna saye, su warware su, su sa a ƙera musu abin da ya ɓace, su tayar da su, sannan su fita fili a zagaya don nishaɗi. Tsufan injin shi ne ke ƙara masa kuɗi.

A Bazaga, da sauran garuruwan gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela a Nijar, akasin haka ke faruwa. Yankin ya fi yawancin Turai dogaro da babur, amma tsofaffin injunansa ƙarewa suke yi ba tare da wani ya waiwaya ba.

Tarihin babur a nan tarihin iyaka ne. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe su ba sai 1986, kuma abin ya zo daidai da farin da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari. Mota ba ta iya bi ta ƙofa tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato, babur kuwa yana ratsa gonaki. A wannan zamani ne kabu-kabu ya kafu a Ƙonni. Baburan lokacin na Japan ne, Yamaha da Suzuki da Honda, ga kuma Mobylette ta Faransa da ma'aikata ke hawa, da Vespa ta Italiya da ta zama alamar ɗan kasuwar da ya samu. Suna da tsada, kayansu na da tsada, saboda haka ba a yar da komai. Silinda ta cinye, a faɗaɗa ta a sa fistan mai girma. Kafireta ta toshe, a warware ta a wanke da fetur. Ƙarfe ya karye, a kai wa mai walda. Bakanike na gaske a lokacin shi ne wanda zai saurari ƙarar inji ya gaya maka ciwonsa kafin ya ɗauki sifana.

Abu biyu suka karya wannan tsari. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ko Japan ya yi tashin gwauron zabo. Bayan 'yan shekaru baburan Sin suka fara kwararowa, ta tashoshin Kwatano da Lome, da kuma ta Najeriya, inda garin Nnewi na jihar Anambra ya zama cibiyar harhaɗa babura da sayar da kayansu. Jincheng, Kasea, Haojue, daga baya Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya. Da yawa daga injunan Sin ɗin kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda Honda ta fitar a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba. Wato ƙirar tana da juriya tun asali, ƙarfen ne ya ragu, farashin kuma ya faɗi warwas.

Babu mai hankalin da zai ce wannan sauyi bai amfani talaka ba. Manomin albasa a Galmi da a da sai jaki, ya sami abin kai buhu bakin titi. Mai naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ta sami mai kai ta asibiti. Samari da yawa da sai dai su tafi cirani sun sami sana'a a gida. Wanda ke kukan ɓacewar tsohon Yamaha ya kamata ya fara auna wannan.

Amma a gareji an yi asarar da ba a lissafa ba. Da kayan gyara suka yi arha, gyara ya koma canji. Sabuwar kafireta ta Sin ba ta fi ladan wanke tsohuwar da wani abin kirki ba, don haka sai a cire a jefar. Silinda da fistan da zobe ana sayar da su a kwali ɗaya, wa zai tsaya faɗaɗa tsohuwa? Yaron da ya shiga koyon aiki a wannan zamani ya iya kwancewa da ɗaurawa da sauri, amma da wuya ya taɓa auna ramin silinda ko ya daidaita lokacin wuta da hannu. Ba laifinsa ba ne, kasuwa ba ta biyan wannan ilimi. Maigidansa da ya iya kuwa ido ya fara rauni.

Sannan ga 'yan gwangwan. Su ne, a ganina, suka yanke wa tsofaffin injuna hukuncin ƙarshe. A Ingila injin JAP zai iya kwana shekara arba'in a ɗakin ajiya har jikan mai shi ya gano darajarsa. A nan tsohon babur ba ya samun wannan hutu. Jikin injinsa gorar ruwa ne, wayoyinsa jan ƙarfe, kuma mai amalanke na zagayawa da sikeli. Gidan da ke neman kuɗin hatsi a watan bakwai ba zai ajiye Suzukin kaka don tarihi ba. Wani injin ya tafi masu narka ƙarfe, wani ya koma tukunya a hannun maƙeran sanholo. Abin da aka narkar ba ya dawowa, kuma babu masana'antar da ke ƙera irinsa kuma.

Tseren fa? Sha'awar gudu da babur tana nan daram, ko a wajen ɗaukar amarya za ka gani: samari na jan wuta, suna ɗaga ƙafar gaba, suna juyi cikin ƙura. Abin mamaki, karkatar da ƙafar baya a kan rairayi, wanda shi ne ginshiƙin sifidwe, yaranmu sun iya shi ba tare da sun san sunansa ba. Bambancin shi ne can akwai fili da shinge da hular kwano da ƙungiya mai doka, nan kuwa titi ne da jama'a a gefe. Shi ya sa abin da ya zama wasa a can ya zama ganganci a nan, sakamakonsa karaya da makoki. Al'ummar da ta tsara sukuwar dawaki da kokawa, har Nijar ke ba da takobi ga zakaran ƙasa, ba ta rasa dabarar tsara tsere ba. Babur ne bai sami wannan martaba ba.

Kuma da wuya ya same ta nan kusa, domin sunansa ya ɓaci ta fuskar tsaro. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Nijar ta hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, sannan a sassan Tillaberi a farkon 2020. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato sun sanya takunkumi iri-iri a kan babura saboda 'yan bindigar daji. Ƙonni na maƙwabtaka da gabashin Sakkwato inda abin ya yi ƙamari. A irin wannan yanayi, taron samari da babura abin zargi ne, ba abin kallo ba.

Wani abu dai ya fara juyawa, ko da yake ba sha'awa ta kawo shi ba. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A 29 ga Mayun 2023 ta cire tallafin fetur, man bumburutu da ake sayarwa a kwalabe a bakin titin Ƙonni ya daina arha. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya biyo baya, hanyar Kwatano ta toshe. Sabon babur da kayansa suka yi tsada, sai mai kabu-kabu ya koma lallaɓa wanda ke hannunsa. Bakaniken da ya iya ceto inji ya sake samun daraja a kan wanda ya iya canji kawai.

Sai dai injunan da ake lallaɓawa yanzu na Sin da Indiya ne na shekarun baya-bayan nan, ba na Japan na zamanin El-Buhari ba. Waɗancan sai ɗaiɗaiku, galibi a hannun dattawan da suka ƙi rabuwa da su, kuma ranar rabon gado ne ake sanin makomarsu. Idan akwai abin da za a iya yi da kuɗi kaɗan, to a cibiyoyin koyon sana'a ne: kowace ta sayi tsofaffin injuna biyu ko uku a farashin kilo, kafin mai sikeli ya riga ta, ta kuma ɗauki tsohon bakanike ya koyar da auna silinda da daidaita wuta a kansu. Kuɗin injunan ba zai kai na sabon babur ɗaya ba.