Yini Guda a Wani Gungu na Tafkin Kainji

Mu mutanen Mandera ruwan da muka sani shi ne na rijiya da fadama, sai kuma madatsar Shagari idan an yi nisa. Shi ya sa da na tsaya a bakin ruwa a Yawuri, bayan doguwar tafiya ta Tambuwal da Jega da Koko, na ga ruwa ya miƙe kudu har inda ido ya gaza, sai na rasa ta cewa.

Tafkin Kainji ba daɗaɗɗe ba ne. An same shi ne a 1968, lokacin da aka datse kogin Kwara domin samar da lantarki. Ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa waɗanda sunansu ma daga gungu, wato tsibiri, ya samo asali. Daga baya aka haɗa dazukan Borgu da Zugurma da wani yanki na tafkin aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Kainji.

Wani dattijo Basarke ne ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji. Mun fi awa guda bisa ruwa kafin ya ajiye mu a wani ɗan gungu da rani ya yaye wa gefe. Rairayi ne fari tas, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Babu rumfa, babu mai talla, wayata ma ta daina kama layi. Garken kirinjijiya ya tashi da kuka da muka taka, zalɓe guda kuwa ko kallonmu bai yi ba. Muka yi alwala da ruwan tafkin, muka yi azahar a kan rairayin, dattijon ya gasa mana ƙarfasa. Na daɗe ban ji shiru irin wannan ba, shirun da mutum ke jin numfashinsa.

Amma tun da muka shiga jirgin wani abu ke ci mini rai. Mu tara ne, kuma babu rigar kariya ko ɗaya. Na ce, "Baba, ina rigunan ruwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a ruwan nan aka yanke mini cibiya." Na yarda da shi. Sai dai ni a tudu aka yanke tawa.

Ba tsoron baƙo ba ne kawai. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Wara, a wannan ruwan, ɗauke da mutane fiye da ɗari, kaɗan ne suka tsira. A gida ma ba mu manta da Gidan Magana ba, a ƙaramar hukumar Shagari, inda mutum 29, yawancinsu yara masu neman itace, suka nutse a watan Afrilun 2022. Kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna nan a ƙarƙashi, iska kuma na iya tasowa da la'asar ba sallama.

Ana yawan cewa yawon buɗe ido zai kawo wa Arewa kuɗi. Ina ganin an fara lissafin daga ƙarshe. Cikin dajin gandun kansa 'yan bindiga sun hana baƙi sakewa a 'yan shekarun nan, kan ruwan kuma rai na hannun sa'a. Wanda ba a tanadar wa rigar ruwa ba domin zuwa kasuwa, yaya za a tanadar wa baƙonsa?

Da za mu dawo iska ta ɗan motsa, ruwa ya riƙa fallatsowa cikin jirgi. Dattijon ya miƙo mini ƙwarya ba tare da ya ce uffan ba. Ni na yi ta kwarfar ruwa har muka hango fitilun Yawuri.