Kafin ka raɗa wa karenka suna

A watan Agusta na 2016 'yan sanda a Sango Ota, jihar Ogun, suka kama wani ɗan kasuwa saboda ya sa wa karensa suna Buhari, har ya rubuta sunan a jikin karen yana zagaya unguwa da shi. Wani maƙwabcinsa, wanda sunan mahaifinsa ke nan, ya kai ƙara, maganar kuma ta kai kotu bisa tuhumar aikata abin da zai iya tada zaune tsaye. Mai karen ya ce ƙaunar shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ce ta sa shi, amma ɓacin rai ya riga ya auku.

Sunan kare abu ne da za a riƙa ƙwalawa a tsakar gida da bakin titi, safe da yamma, kowa na ji. A wurinmu, inda "kare" kansa zagi ne, kiran dabba da sunan mutum cin zarafi ne, ko da ba haka aka nufa ba. Don haka a nisanci sunayen annabawa, da na sahabbai, da na malamai da shugabanni, da na ƙabilu, da duk sunan da ake raɗa wa jariri ranar suna. Haka ma suna na habaici da ake sa wa kare don a tsokani maƙwabci ko kishiya: rigima kawai yake haifarwa.

Sai kuma kunnen karen. Shi ba ma'ana yake bi ba, sauti yake kamawa. Gajeren suna mai gaɓa biyu ya fi saurin shiga, musamman wanda ya fara da harafi mai ƙarfi kamar k, d ko b, ya ƙare da wasali da za a iya ja idan karen ya yi nisa. Shi ya sa Duna, Zaki da Bingo suke da daɗin kira. Mafarauci da ke son karensa ya dawo daga cikin daji, ko makiyayi da ke son ya rabu da tumakin wani, ba shi da lokacin furta dogon suna.

Wani abin da aka fi mantawa shi ne kada sunan ya yi kama da umarnin da za a riƙa ba shi. In kana cewa "kama", "bari", "zo" ko "zauna", to suna irin Kamu ko Bara zai rikita shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake da karen gadi, domin kuskure tsakanin kira da umarnin kamu yana iya jawo cizo. Karnuka na da basira sosai: wata karya mai suna Chaser a Amurka ta haddace sunayen kayan wasa fiye da 1,000, amma kowane abu da nasa sautin daban.

Kada a yi gaggawa. A zauna da kwikwiyon kwana biyu, a ga launinsa da halinsa, sau da yawa sunan zai fito da kansa. In an tsayar, kowa a gidan ya riƙe shi, har yara, kuma shi za a rubuta a katin rigakafin ciwon haukan kare da likitan dabbobi zai bayar, wanda akan fara tun kwikwiyo na da wata 3.

Koyarwar ba wuya. Ka kira sunan sau ɗaya da murya mai daɗi; yana waigowa ka ba shi ɗan nama ko ka shafa shi. Ina roƙon masu kare da kada su kira sunan lokacin faɗa ko duka, domin karen zai koyi cewa jin sunansa alamar wahala ce, ranar da ya ɓalle kuwa ba zai dawo ba.

Wanda ya karɓi babban kare da sunan da bai dace ba yana iya sauyawa. Ya riƙa faɗin sabon sunan kafin tsohon, yana haɗawa da lada, sannan a hankali ya jingine tsohon.