Yankewar Sautin Bluetooth a Laftof: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Ɗalibi na tsaka da sauraron lacca, ko ma'aikaci na cikin taron Zoom, sai muryar mai magana ta fara tsinkewa, ta ɗauke, ta dawo. Nan take a fara rabon laifi. Wannan ya ce sabis ne, wancan ya ce iyafis ɗin jabu ne, wani kuma ya rantse hazon hunturu ne ya tare sautin. Rashin tantance waɗannan maganganu ya sa mutane da dama sun sayi sabon iyafis, alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Maganar da ta fi yawo ita ce ta sabis, kuma ba gaskiya ba ce. Bluetooth ba ya bi ta layin MTN ko Airtel, ba ya cin data ko kaɗan. Magana ce kai-tsaye tsakanin kwamfuta da abin da ke kunne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, in intanet ya yi rauni, bidiyo ma kan tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna karatu ko waƙar da aka riga aka ajiye a kwamfutar. Idan ta tafi sumul, laifin na intanet ne. Idan ita ma ta tsinke, to a bar kamfanin waya ya sarara.

Batun hazo ma haka. Ƙurar da ke tsakanin tebur da kunnen mutum ba ta isa ta tare komai ba. Amma jikin mutum yana tarewa, domin ruwa na shanye irin wannan igiyar rediyo, kuma fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne. Ƙananan na'urorin Bluetooth an tsara su ne su kai kimanin mita 10 a fili, bango da jikin mutane kuwa na rage wannan tazarar sosai.

Sai zancen da wasu ke ɗauka wasa, alhali shi ne gaskiya mafi girma: Wi-Fi na iya hana Bluetooth sakat. Dukansu suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda Bluetooth ke tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a kowace daƙiƙa, don kauce wa karo. Tun 2003 aka ƙara masa dabarar gane tashoshin da suka cika ya guje su, amma in cunkoso ya yi yawa, sai ya rasa inda zai sa ƙafa, kamar mai babur a bakin kasuwa ranar jajibirin Sallah. A yawancin laftof ma, kati ɗaya ne ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, suna raba eriya. Wanda ya kunna intanet daga wayarsa ya ajiye ta dab da kwamfutar, yana sauke babban fayil kuma yana sauraro, ya haɗa duk abubuwan da ke jawo matsalar wuri guda. Mafita ita ce a mayar da Wi-Fi zangon gigahaz 5 in wayar ko na'urar gidan tana da shi, ko a haɗa wayar da kwamfutar ta kebul.

Haka nan masu cewa filas na iya kawo yankewar sauti ba su yi ƙarya ba. A 2012 kamfanin Intel ya wallafa bincike da ya nuna cewa ramin USB 3.0, wanda galibi ake gane shi da shuɗin launi, da na'urorin da ake sokawa a ciki suna fitar da hayaniyar rediyo a daidai wannan zangon. A zare filas ɗin ko rumbun ajiyar a sake gwadawa.

Akwai kuma ƙorafin cewa da an shiga taro sai murya ta shaƙe, don haka iyafis ya lalace. Bai lalace ba. Bluetooth na da hanya ɗaya ta sauraro zalla mai sauti garau, da wata ta kira wadda ke ɗaukar magana shiga da fita, amma ingancinta ya yi ƙasa. Da an buɗe makirufon iyafis sai kwamfuta ta koma ta biyun. In aka zaɓi makirufon laftof a cikin Zoom ko Teams, sautin zai gyaru. Iyafis masu haɗuwa da na'ura biyu lokaci guda su ma kan ɗauke in saƙo ya shigo waya. Kashe Bluetooth na wayar ya wadatar.

Masu sayarwa kan ce sayen iyafis mai Bluetooth lamba 5.0 zai kawo ƙarshen komai. Nan ma akwai gyara. Ƙarin nisa da saurin da aka yi ta talla lokacin fitowarsa a 2016 ya shafi ɓangaren da ke tsimin batir ne, irin na agogon hannu, ba tsohuwar hanyar da yawancin iyafis ke karɓar sauti ba.

Zancen jabu fa? Yana faruwa, amma shi ne na ƙarshe a layin zargi. Kafin a kai gare shi, a cika caji, a goge iyafis ɗin daga kwamfutar a sake haɗa su, a sabunta manhajar katin Bluetooth daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. A wasu kwamfutocin Windows akwai zaɓi a Device Manager da ke ba kwamfuta damar kashe katin don tsimin batir. A kashe wannan zaɓin.

Sannan a haɗa iyafis ɗin da waya ko wata kwamfutar, a wani ɗaki daban. Idan ya yi aiki lafiya, matsalar na laftof ne ko na wurin zama, kuma sabon iyafis ba zai magance ta ba. Sai in ya ci gaba da yankewa a kan kowace na'ura ne ya dace mai shi ya nufi kasuwa.