Sugan juna biyu: abin da jini ke faɗa tun ciki yana ƙarami

Ranar da wata 'yar uwata ta haihu a Unguwar Dosa, hoton jaririn ya zagaye duk wani group na WhatsApp na danginmu. Nauyinsa ya haura kilo 4. Masu tabarakallah na yi, masu cewa "wannan ai kamar ɗan wata biyu" na yi. Babu wanda ya yi zancen awannin da ta kwashe tana naƙuda kafin a yi mata tiyata. Daga baya ne likita ya ce mai yiwuwa suganta ya hau lokacin da take da ciki, ba a gano ba.

Kin taɓa jin ciwon sugan da ciki ke kawowa? Hukumar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida na zuwa ne da hawan suga a jinin uwa. Abin haushin, yawanci ba ya nuna alama. Yawan fitsari, ƙishirwa da kasala, kowa zai ce ai laulayi ne.

Ga yadda abin yake. Insulin ne ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Idan ciki ya kankama, mabiyiya na sakin sinadaran homon da yawa, ciki har da progesterone da estrogen, shi ma cortisol yana ƙaruwa a jiki. Waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne, dangin steroid, kuma daga kolestarol jiki ke ƙera su. Wasu daga cikinsu, tare da wasu sinadaran na mabiyiya, suna rage wa insulin ƙarfi domin jariri ya samu isasshen abinci. Jikin yawancin mata na ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wadda nata ya gaza, suga ya taru a jininta, ya tsallaka wurin jariri, yaro ya yi ta girma fiye da kima. Sai a samu wahalar haihuwa, ko kafaɗar yaro ta maƙale, ko suganshi ya faɗi bayan an haife shi. Uwar kuma na iya samun hawan jini.

Gwajin da aka saba yi ana yin sa ne tsakanin mako na 24 da na 28. Za ki je asibiti da safe ba ki ci komai ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan gulukos giram 75 ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, idan na farko ya kai 5.1, ko na biyu 10.0, ko na uku 8.5 a ma'aunin milimol, to an samu ciwon. Tushen lambobin shi ne binciken HAPO da aka wallafa a 2008, wanda ya bi mata sama da 23,000 a ƙasashe tara.

Amma mako 24 kusan wata shida ke nan. Shi ya sa masu bincike ke neman alamar da za ta nuna haɗarin tun watanni ukun farko. Sun lura cewa matan da ke da ƙarancin wani furotin mai suna SHBG, wanda ke ɗaure testosterone da estrogen a cikin jini, sun fi faɗawa cikin ciwon daga baya. Haka ma masu PCOS, matsalar da ke rikita al'ada, ta kawo ƙuraje da gashin haɓa saboda yawan homon na maza. Sai dai har yanzu awon waɗannan sinadaran bai maye gurbin gwajin gulukos ba. Don haka idan wani a Instagram ya ce zai duba miki "hormones" ya faɗa miki makomarki, riƙe kuɗinki.

Akwai abin da za ki iya dubawa yau ba tare da kin kashe ko kwabo ba. Mama ko baba na da suga? Kina da ƙiba? Kin taɓa haifar yaro mai kilo 4 ko sama, ko kin taɓa rasa jariri a ciki ba a san dalili ba? Al'adarki na wasa? Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya tun ranar farko ta awo, ko a Barau Dikko kike zuwa, ko a asibitin Kawo, ko a ƙaramin asibitin unguwarku. Ki tambaya kai tsaye: "Sista, yaushe za a gwada min suga a jini?" Gwajin fitsari kaɗai na iya tsallake ciwon.

Sai maganar da ta fi shafar mu matasa, wato "sha ka fashe". Cikin magungunan ƙiba da 'yan mata ke sha kafin biki akwai dexamethasone, shi ma steroid ne, kuma yana ɗaga suga. Kumatun da kike gani sun ciko na daga cikin illolinsa. Idan kin daɗe kina sha, kada ki daina rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki ga likita ya rage miki a hankali, kuma ki gaya masa gaskiya idan kina shirin ɗaukar ciki.

Idan an gano ciwon, ba a ce an gama ba. Mata da yawa gyaran abinci da tattaki bayan cin abinci ke isarsu: rage lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu zaƙi, rage tulin tuwo da shinkafa, ƙara wake, zogale da ganye. Wasu sai an haɗa da metformin ko allurar insulin. Yawanci sugan na sauka bayan haihuwa, amma haɗarin kamuwa da ciwon suga na dindindin na nan, don haka a sake gwaji bayan kamar mako shida, wato dai bayan arba'in.

Kai kuma ango, kuɗin gwajin nan a wuyanka yake. Ka ware shi tun kafin ka fara lissafin ragon suna.