Kafin a Ɗora Sabon Gasket, a Duba Fuskar Injin

Idan mota ta yi zafi har gasket ya ƙone, sau da yawa ƙarfen da yake kwance a kai ma ya ɗan lanƙwashe. Ido ba ya ganin wannan. Bakanike mai lura yakan kankare ragowar tsohon gasket a hankali, musamman a kan alminiyam mai saurin karcewa, sannan ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da a karkace, yana zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Injuna da yawa ba sa jure tazarar da ta wuce milimita 0.05.

Karce kusa da bakin silinda ya fi haɗari, domin nan matsi yake. Gam ba ya maganinsa. A kai wa masu na'urar goge ƙarfe su daidaita fuskar.