3.4 Cire Karyayyiyar Ƙusa Daga Ƙafar Babur ta Gaba da Mayar da Sabuwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan ɗaya daga cikin ayyukan da ke nuna ƙwarewar makaniken babur a birnin Kano, wato cire ƙusar da ta karye a cikin ƙafar gaba da kuma ɗaura wata a gurbinta. Duk da cewa gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairu na shekarar 2013, babur bai bar cikin gari ba, domin akwai lunguna da yawa a cikin ganuwa waɗanda mota ba ta iya shiga. Saboda haka har yanzu akan ga rumfunan makanikai a bakin titunan da suka ratsa gari, kamar na Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Mandawari.

3.4.1 Ƙusar da Ake Magana a Kanta

Ƙafafun gaba su ne bututu biyu da suka sauko daga kan babur suka riƙe tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shoka. Sashen ƙasa na kowace ƙafa yawanci da alminiyam ake yin sa. A jikinsa ne ake dasa wata irin ƙusa ta baƙin ƙarfe marar kai, mai zare a bakinta biyu. Abin da ake nufi da zare shi ne tsagar nan da ta kewaye ƙusa wadda noti ke bi. Baki ɗaya yana shigewa cikin ƙafar, ɗayan kuwa yana waje don a ɗaura masa noti.

A wasu baburan ƙirar Japan, kamar Honda CB750 da ya fito a 1969, irin waɗannan ƙusoshi bibbiyu ne ke riƙe da murfin da ya danne sandar da taya ke juyawa a kanta. Kaurinsu milimita 8 ne. Ke nan idan ɗaya ta karye, 'yar'uwarta ce kaɗai ta rage tana riƙe da wannan gefe na taya, kuma ran mahayi yana cikin haɗari. A ƙananan babura kuwa sandar kan ratsa ta cikin ƙafar ne kai tsaye, amma akan sami ƙusoshin da ke riƙe da madigadi da birki, su ma suna karyewa, kuma hanyar gyaransu ɗaya ce.

3.4.2 Dalilan Karyewa

Dalili na farko shi ne ɗaurin da ya wuce kima, musamman idan yaron shago ya zura bututu a sifana don ya ƙara ƙarfi. Na biyu shi ne tsatsa. Idan baƙin ƙarfe da alminiyam suka haɗu, ruwa kuma ya shiga tsakaninsu, wani farin gari kan fito ya cike zaren har ƙusar ta kafe. Wannan ya fi faruwa bayan damina, lokacin da babur ya sha keta ruwan da ke kwanciya a tituna. Na uku shi ne jijjiga da faɗawa ramuka, waɗanda ke gajiyar da ƙarfe sannu a hankali har ya tsage.

3.4.3 Matakan Cirewa

Ƙa'idar aikin ita ce a fara da hanyar da ta fi sauƙin ɓarna. Dalili kuwa shi ne ƙusa abu ce mai araha, ƙafar kuwa mai tsada, kuma alminiyam ya fi baƙin ƙarfe laushi. Wanda ya yi gaggawa ya cinye zaren ramin, to, garin neman gira ya rasa ido.

Da farko akan ɗage gaban babur, a cire taya, a goge wurin, sannan a zuba kananzir ko man sassauta ƙusa a bar shi ya jiƙa. Akan ɗan bubbuga kan ƙusar da ƙaramar guduma don tsatsar ta saki.

Idan guntun da ya rage a waje yana da tsawo kuma zarensa bai lalace ba, sai a ɗaura masa noti biyu, a matse su da juna, sannan a kama na ƙasa da sifana a juya hagu. Idan zaren ya cinye, sai a goge gefe biyu na guntun da magagari, a kama shi da filaya mai kulle. Ba a fizga. Akan juya gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta taho.

Idan ta ƙi, sai a gasa jikin ƙafar daidai inda ƙusar take. Hikimar yin haka ita ce alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka ramin kan saki ƙusar. Sai dai akwai mai da roba a cikin shoka, don haka ya fi kyau a kwance ƙafar a zubar da man tukuna. Haka kuma alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, saɓanin ƙarfen da maƙeri ya saba gani a wuta.

Idan kuwa ƙusar ta karye daidai da bakin rami, aikin ya koma hannun mai walda. Yakan ɗora wosha a kan guntun ya liƙe, ya ɗora noti a kan woshar ya cika cikinsa da walda. Waldar ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana farfasa tsatsa. Bayan ya huce sai a sa sifana a kwance.

Mataki na ƙarshe shi ne huda. Akan sa tsinin ƙarfe a yi alama a tsakiyar guntun, a fara da siririn bakin injin huda, a riƙa ƙara kauri. Ga ƙusa mai milimita 8 ba a wuce milimita 6.8, domin a nan ne zaren ramin ya fara. Daga nan sai a tsince ɓawon da ya rage, a bi ramin da ƙarfen yanka zare. Idan bakin injin ya kauce ya ci alminiyam, sai an faɗaɗa ramin an dasa masa sabon zare na waya, irin wanda aka sani da Helicoil, ko kuwa a nemi wata ƙafar a wajen masu sayar da kayan gyara.

3.4.4 Ɗaura Sabuwa

Dole sabuwar ƙusa ta yi daidai da tsohuwar a kauri da tsawo da tazarar zare, wadda ga mai milimita 8 yawanci milimita 1.25 ce. Ba daidai ba ne a yanke kan kowace ƙusa da aka tsinta a zura, domin ƙarfe ya fi ƙarfe ƙwari. Akan fara ɗaura ta da hannu don a tabbata ta hau zare, sannan a ƙarasa da noti biyu. A baburan da murfinsu ke da alamar gaba, notin gaba ake fara ɗaurewa, sannan na baya, ta yadda ɗan giɓin da zai rage zai kasance a baya. Idan ƙusa ɗaya ta karye, akan so a sauya har da 'yar'uwarta, tun da wahala ɗaya suka sha.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wannan aiki ya haɗa makanike da mai walda, kuma ya gaji wani abu daga ƙira, tsohuwar sana'ar da aka san Kano da ita. Guduma da magagari da sanin halin ƙarfe a wuta duk na maƙera ne, sifana da noti da wosha da filaya kuwa baƙin kalmomi ne da suka shigo tare da injuna. A sashe na gaba za a duba yadda ake sauya man shoka da robar da ke tare shi.