Ƙaiƙayin da ke hana barci

Akwai wani ciwon fata da lokotoro suke kira egzema. Mutane da yawa suna ce masa kirci. Ya fi kama yara, amma yana bin waɗansu har girmansu. Babbar wahalarsa ita ce ƙaiƙayi.

Yaya ake gane shi?

Fata takan bushe, ta yi kaushi, ta yi duhu ko fari kamar toka. Ya fi fitowa a wuya, da cikin gwiwar hannu, da bayan gwiwar ƙafa, da hannuwa. Yakan lafa, ya sake tashi. Sau da yawa gado ne: ana samunsa a dangin da ke da masu ciwon fuka.

Lafiyayyar fata tana riƙe ruwan jiki, kamar sabon tulu. Fatar mai egzema kuwa kamar tulu ce mai tsaga. Ruwa yana fita, ƙura tana shiga. Shi ya sa ciwon ya fi tsanani lokacin hunturu. Zufa ma tana tayar da shi.

Abin da yake jawo wa magidanci

Ƙaiƙayi ya fi ƙarfi da dare. Mutum ya kwana yana susa. Da safe ya tashi a gajiye, ya kasa aikin gona yadda ya kamata. Mace ta kasa wanki, don hannuwanta sun tsattsage. Susa tana da daɗi, amma tana yaga fata. Fata in ta yage, ƙaiƙayi ya ƙaru. Ga kuma kunya: waɗansu suna ƙin gaisawa da shi, suna ƙin cin tuwo tare da shi.

Wannan kuskure ne. Ba a ɗaukar egzema wurin wani. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba sammu ba ne, ba kuturta ba ce. Ƙazuwa ce ake ɗauka: ita takan fito tsakanin yatsu, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kuma maganinta daban ne.

Abin da ya kamata a yi

1. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Kada a dirje jiki da soso.
2. A rage sabuni. Kada a yi wanka da sabunin wanki.
3. Da an gama wanka, tun jiki bai bushe sarai ba, a shafa man kaɗe ko basilin marar turare. A yi haka safe da dare, ko ciwo ya lafa.
4. A sa tufafin auduga masu yalwa.
5. A yanke farce. In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora a wurin.

Yaushe za a tafi gidan likita?

In ƙaiƙayi ya hana barci, ko wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a tafi ba da jinkiri ba. Akwai man shafawa mai kwantar da ciwon, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi inda za a shafa da yawan kwanakin. Kada a sayi maganin shafawa a tebur cikin kasuwa. Man canza launin fata kuwa ɓata fata yake yi.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da egzema gaba ɗaya. Amma mai kula da fatarsa kullum yana samun barci, yana aikinsa. Ƴan uwa da maƙwabta su taimake shi, kada su guje shi.